Kakana Mai Amsa Sunan Wani

Kaka ya rasu ranar Lahadi da hantsi, bayan ya sha kununsa ya ce a gyara masa matashi. Kafin la'asar an kai shi. Ni ban ga jana'izar ba, muna cikin gida mu mata, amma Yayana ya ce sahu ya cika layinmu har ya fita bakin titi, sai da motocin da ke gangarowa daga gada suka rage gudu. Dangin mahaifiyarsa sun zo daga Kausani a bayan akori-kura da ƙasar gona a ƙafafunsu, don damina ce, daga noma labarin ya taso su. Masunta sun hauro daga bakin kogi. An ga ma'aikatan jami'a biyu ko uku da suka saba zama a zaurensa suna tambayarsa labarin da. Shugabannin ƙungiyarmu ta ma'aikata ma sun zo, da wani ƙyalle mai rubutu za su ɗaura a jikin rumfa. Baffa, babban ɗan Kaka, ya ce su naɗe abinsu, nan gidan mutuwa ne.

Kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce bai san ranar da ya waiwayo bai ga Kaka a sahun farko ba. Wata maƙwabciyarmu tana kuka tana cewa yanzu kuma kwata ta samu sake, don shi ne mai bin ta da sanda yana zaƙulo ledoji. Gwaggo, 'yar autarsa, sai ninke rigunansa take yi tana warwarewa.

Bayan la'asar aka shigo da wani tsoho daga Achika, mutum biyu suna riƙe da shi. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi aikin hanya da Kaka. Kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa da aka yi masa ya haƙuri bai amsa ba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Kaka, ya daɗe yana kallon gadon, sannan ya ce, "To ni yanzu wa zai amsa mini?"

Matan suka kalli juna, wata ta raɗa cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Na san abin da yake nufi sarai, kuma maganar ce ta sa na tashi na shige ɗakin girki na yi kukan da tun safe ya ƙi zuwa.

Gara in faɗi abin da ke cina tun yanzu, don kada mai karatu ya ɗauke ni jikar kirki. Maganar ƙarshe da ta shiga tsakanina da Kaka ƙarya ce, kuma ni na yi ta. Akwai wata mata da na cuta a wurin aiki, ya ce in je gidanta in faɗa mata da bakina. Wata takwas yana tambayata ko na je. Kwana biyu kafin ya rasu na ce masa na je, alhali ko layinsu ban bi ba. Duk wanda ya shigo ya ce mini Allah ya sa mu gaji halinsa, sai in ji kamar tsiya yake yi mini.

Ni ce jikarsa ta fari a mata, kuma mai baki ce ni, kowa ya sani. Yana kirana Amarya, ina kiransa Tsoho. Abin da 'ya'yansa ba sa iya faɗa masa ni nake faɗa, in ce hularsa ta tsufa, in ce zan sake shi in auri mai babur. Shi kuma ya ce wa zai kwashi mace mai miya ba gishiri. Ya haura casa'in, ko da yake shi kansa bai riƙe lissafin ba. Tafiya yake kansa a ƙasa, mutane suna zaton tawali'u ne, nan kuwa titi yake dubawa. In ya ga rami sai ya tsaya ya zunguri gefensa da sanda, ya ce ba a daɓe ƙasan da kyau ba, kamar wani ya tambaye shi.

Bai taɓa tambayar mutum ɗan ina ne ba. Abin da yake tambaya shi ne, wane aiki kake yi, kuma da wa kake yi. Gwaggo takan ce da mai neman aurenta zai zo daga bayan duniya, in dai ya iya riƙe shebur, Baba zai ba shi. Kuma ba ya son a kira ma'aikaci baƙo. In ka ce baƙon malamin nan da aka kawo makarantar firamare, sai ya ce wanda ke koya wa ɗanka karatu kullum safiya ta Allah, a gidan wa yake baƙo?

Yana saurayi ya shiga aikin gwamnati, lebura a ma'aikatar ayyuka, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Su ne masu zuba tsakuwa da kwalta, masu haƙa kwalbati, masu gyaran gada in ruwa ya ci gefenta. Ya ce a barikinsu an raba mutane ne kashi-kashi. Hausawa da kwanon sarki a ka, mutanen tsakiyar ƙasa da diga, birkiloli da kafintoci kuwa yawancinsu daga kudu. Kowane kashi da helumansa mai sa ido a kan aiki, da wurin cin abincinsa. Kuma kowane kashi an sa masa a kunne cewa ɗayan ne ke neman cinye shi.

Da ƙungiyar ma'aikata ta iso barikin, abin da ta fara yi ba maganar albashi ba ce. Doka ɗaya aka kafa. Duk Asabar bayan la'asar ana taro a gindin wata tsamiya, ana kiran suna, amma ba kai za ka amsa naka ba. Kowa an haɗa shi da mutum ɗaya wanda ba yarensu ɗaya ba, shi ake kira abokin amsa. In an kira sunansa kai za ka miƙe ka ce yana nan. In ba ya nan, ka faɗi inda yake da abin da ya hana shi zuwa. In ka ce ba ka sani ba, taro zai tsaya, ka tashi ka je ka nemo shi, mutum sittin suna zaune suna jiranka.

Kaka aka haɗa shi da wani birkila mutumin gabas, gajere, mai surutu kamar an kunna rediyo. Har ya rasu da Birkila yake kiransa. Ya ce da farko ya tsani mutumin. Ga shi dole ya san ɗakinsa, ya san matarsa, ya san yaransa nawa. Ranar farko da ya je nemansa ya tarar zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga, matar ta miƙo masa dafaffiyar doya a ganye, ya karɓa don kunya, ya zo gida ya zuba wa awaki. In ya kai nan a labarin sai ya yi dariya ya girgiza kai, ya ce awakin nan sun ci rabonsa. Bayan shekara guda kwano ɗaya suke ci. Zauren gidanmu, wanda maza suka zauna makoki a cikinsa, su biyu suka gina shi, Birkila yana jera bulo yana zagin Kaka da Hausarsa mai karkata cewa kwaɓinsa ya yi ruwa.

Akwai yajin aikin da ya fi ba mu labari. Saƙo ya zo daga hedikwatar ƙungiya cewa ran kaza kowa ya ajiye kayan aiki, kuma ba su kaɗai ba, har da ma'aikatan gidan waya da na asibiti da na jirgin ƙasa a wasu garuruwan. Kwana huɗu da farawa, Baturen injiniya ya sa aka kira Hausawan barikin su kaɗai. Heluma yana yi masa tafinta, ya ce musu 'yancin kai ya kusa, kuma aikin ƙasar nan na 'ya'yan ƙasar nan ne. Su koma aiki gobe, za a koya musu gini da kafinta, a ba su guraben 'yan kudu, su huta da ɗaukar kwano a ka. Mahaifin Kaka da ya ji labari ya tako da ƙafa daga Kausani ya ce masa ya karɓa, kada ya yi wauta saboda mutumin da ko alƙibla ɗaya ba sa kallo.

Kaka bai taɓa ɓoye mana cewa ransa ya so ba. Ya ce wuyansa ya gaji da kwano, kuma ya riga ya iya jera bulo. Abin da ya tsayar da shi ƙaramin abu ne. Asabar tana tafe, za a kira sunan Birkila, shi ne zai miƙe. Me zai ce? Ya ce ya juya amsar ta kowace fuska bai samu wadda bakinsa zai iya furtawa ba. Ashe sauran ma haka, kowa da wanda zai amsa wa. Ba wanda ya koma aiki. Mahaifinsa ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarsa.

Shi ya sa in ana bikin ranar 'yanci a rediyo ana lissafo manyan mutane, Kaka ba ya musu, amma yakan ƙara nasa. Yakan ce tun kafin shugabannin Arewa da na Kudu su iya zama ɗaki ɗaya su tashi lafiya, ma'aikatan gwamnati daga bakin teku har zuwa nan sun iya ajiye kayan aiki rana ɗaya. A ganinsa ranar da wasiƙa ta ƙi tafiya, hanya ta ƙi gyaruwa, kuma aka rasa wanda za a zuga a kan wani, ranar Bature ya fara haɗa kayansa. Ban san ko masana tarihi za su yarda da shi ba. Malaman jami'ar da ke zuwa zaurensa dai rubutawa suke yi.

Shekaru kaɗan bayan an samu 'yancin, ƙasa ta rikice, aka shiga farautar mutanen gabas a garuruwan Arewa. Wannan labarin sau biyu kawai na ji shi daga bakinsa. Matar Birkila da yara sun riga sun tafi, shi ya tsaya yana cewa ba abin da zai same shi a Wudil. Da abin ya matso, ranar wata Juma'a kasuwa tana ci, Kaka ya sa masa rigarsa da hularsa, ya ratsa da shi ta cikin kara, inda ake cinikin shanu, ya ɗora shi a motar shanu tsakanin masu rakiya. Ya ce wa direban ɗan'uwansa ne, kurma ne, kada a wahalar da kai yi masa magana. Kaka ya ce duk cikin abin da ya faru ranar, abin da ya fi ba shi tsoro shi ne mutumin nan ba zai iya yin shiru har Bauchi ba. Da motar za ta tashi Birkila ya sunkuyo ya ce masa a kunne zai dawo.

Asabar ta zo aka kira sunan Birkila. Kaka ya miƙe ya ce, "Yana tafe."

Haka ya yi ta faɗa duk tsawon yaƙin basasa. Sabon sakataren da aka yi ya so a goge sunayen waɗanda suka gudu, Kaka da wasu suka ce ba a goge sunan mutum alhali abokin amsarsa yana tsaye. Amininsa, wani malami da suka tashi tare, ya same shi ya ce ya ji tsoron Allah, ƙarya yake yi a bainar jama'a duk mako. Kaka ya ce shi ya ɗora mutumin a mota, mutumin ya ce zai dawo, kuma har yau ba wanda ya kawo masa labarin da ya ture wannan. Suka yi damina guda ba sa magana, masallaci ɗaya, sahu ɗaya. Da yaƙi ya ƙare wasu daga cikin waɗanda suka tafi suka dawo, ramammu, suka tarar da sunayensu a takardar ƙungiya, ƙungiya ta tsaya kai da fata sai da aka mayar da su bakin aiki. Birkila bai dawo ba, ba a kuma ji ɗuriyarsa ba. Kaka ya ci gaba da amsa masa har ranar da ya yi ritaya.

Ba zan ce ba shi da laifi ba, don zai ji haushina in na wanke shi tas. Gidansa ya sha wuya saboda ƙungiya. Baffa har gobe yana cewa Baba ya san yawan 'ya'yan kowane lebura a bariki, amma bai san ajin da ɗansa yake ba. Akwai shekarar da gonarsa ta zama saura saboda yawon taro, Kakata ta riƙa saƙa faifai tana ciyar da yara. An faɗa masa wannan a gabana, bai kare kansa ba, ya ce gaskiya ne, Allah ya yafe masa.

Yanzu sai nawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin gwamnati. Da aka zaɓe ni sakatariyar reshen ƙungiyarmu, Kaka ya yi murnar da bai yi ba ranar aurena. Bara umarni ya zo daga sama cewa za a rage ma'aikata, kuma za a fara da waɗanda takardar asalinsu ba ta jihar nan ba ce. A wurinmu mutum biyar ne. Aka kira mu shugabanni gefe aka ce in ƙungiya ta yi shiru, ƙarin girman da ya daɗe a maƙale zai fito, guraben kuma 'ya'yanmu za a ba. Muka kira taro. Ni na rubuta takardun gayyata, kuma ban rubuta wa mutum biyar ɗin ba. Ni na rubuta cewa ƙungiya ba ta da ja, ni na sa hannu.

Cikin biyar ɗin akwai wadda muke kira Anti, mai gwajin jini. A Wudil aka haife ta, mahaifinta aikin gwamnati ya kawo shi daga kudu ya mutu a nan. Hausarta ta fi tawa. Ita ta koya mini yadda ake samo jijiya a hannun jariri ba a yi ta caka masa allura ba. Ƙanwata take ce mini.

Da bakina na kai wa Kaka labarin, ina taƙama, da soyayyen kifi na bakin kogi a takarda, irin wanda yake so. Na ce masa amaryarsa ta samu ƙarin girma. Ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa, ina tsallake wasu wurare. Ya bar ni na gama.

"Su biyar ɗin suna wurin taron?"

Na ce ba sa nan.

"To wa ya amsa musu?"

Na yi dariya na ce, haba Tsoho, ai yanzu ba a wannan, littafi ake zagayawa da shi kowa ya sa hannu. Ya naɗe takardar kifin ya turo mini ita a kan tabarma. Ya ce, "Malama Sakatariya, ɗauki kayanki." Tun da aka haife ni bai taɓa kirana da wani suna ba Amarya ba.

Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci ba na tauna magana. Na ce masa zamaninsu ya wuce. Na ce a jihohinsu haka ake yi wa namu, ba wanda ya yi kuka. Na ce yaranmu suna zaune da takardun makaranta ba aiki. Na ce shi da ya ba ƙungiya ƙuruciyarsa, me ƙasar ta saka masa da shi ban da ciwon wuya? Har na ce mutumin da ya yi shekaru yana amsa wa ko wasiƙa bai aiko masa ba. Wannan ta ƙarshen ita ce ba zan yafe wa kaina ba, don na ga inda ta same shi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce duk abin da na faɗa game da yara marasa aiki gaskiya ne, kuma maganar da Bature ya yi musu ma akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa ta yi daɗin ji. Ya ce ya san ba zan iya mayar da hannun da na sa ba, kuma ba shi yake nema ba. "Ki je gidan matar nan ki zauna a gabanta ki ce ni ce. Kada ta ji daga bakin takarda. In kin kasa wannan, ƙungiyarku taron cin abinci ce."

Daga ranar gaisuwarmu ta zama kala ɗaya. In na durƙusa na ce ina kwana, ya amsa, ya tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, sannan ya ce, kin je? In ce aiki ya yi yawa. In ce an ce ta yi tafiya. In ce sai bayan salla. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. In na hango Anti a kasuwa sai in shige rumfar da ba ni da abin saye a cikinta. Na rage zuwa gidan Kaka ma, ni da nake zuwa kullum na koma sau ɗaya a mako.

Ranar Juma'ar ƙarshe na same shi a kwance, ya rame, numfashinsa yana fita da ƙyar. Aikina ne, na san abin da nake gani. Na gaishe shi, ya tambayi yara, ya yi tambayarsa. Na ce a raina mutumin nan ba zai tafi da wannan a zuciya ba. Na ce masa na je, tun ranar Litinin na je, mun yi magana, ta yafe mini. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗora hannunsa a kaina ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Amarya. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya." Na fito ina share hawaye ina gaya wa kaina na yi aikin lada.

Ranar sadakar uku da safe, ana rabon waina da gumba, na ɗaga kai na ga Anti ta shigo da mayafi, tana bin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya tana durƙusawa tana ya haƙuri. Ba inda zan gudu, gidanmu ne. Ta zo ta zauna kusa da ni a tabarma, ta ce Allah ya jiƙan Baba, ta ce ba ta san shi sosai ba sai zuwan da ya yi gidanta.

Na ce wane zuwa?

Ta ce ranar Laraba, kwana huɗu kafin rasuwarsa. Baffa ne ya kawo shi a adaidaita sahu, sai da aka ɗauko shi kamar yaro aka shigar da shi. Ya tambaye ta ko jikarsa ta zo. Ta ce ta so ta rufa mini asiri, amma idon tsohon bai bar ta ba, ta ce masa ban zo ba. Ya nemi ruwa ya sha. Sannan ya ce mata shi tsohon ɗan ƙungiya ne, ya zo ya ba ta haƙuri a kan abin da ƙungiya ta yi mata, amma zuwansa ba zai tsaya a madadin nawa ba. Ya roƙe ta kada ta rufe mini ƙofa.

Ban ji sauran abin da ta faɗa ba, kwanaki nake jerawa a kaina. Laraba ya je. Juma'a na ce masa na je tun Litinin. Ashe lokacin da ya ɗora hannu a kaina ya san ƙarya nake yi, ya sani sarai, ya kuma sa mini albarka. Na leƙa zaure na hango Baffa, ya kawar da kai.

Da za ta tafi Anti ta ce, "Ƙanwata, ranar Asabar zan tashi. Zan koma jihar da takardata ta ce tawa ce, ko Allah zai sa a ɗauke ni a can. Ban san kowa ba a garin, amma dai in je in gani. Ina gida har Asabar."

Washegari na je. Kayanta a ɗaure cikin buhuna, ɗakin ya koma fayau, inda hotuna suka zauna a bango ya fi sauran haske. Na zauna a ƙasa a gabanta na ce ni ce. Ni na hana a gayyace ku, ni na rubuta, ni na sa hannu, kuma na samu ƙarin girma a kai. Ta ce ta sani tun ranar, sunana yana ƙasan takardar. Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo ba aikin ba ne, shigewar da nake yi rumfar mutane in na gan ta. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga da wane baki zan roƙa ba. Ta miƙo mini igiya ta ce in taya ta ɗaure katifa.

Daga baya na rubuta wa reshenmu takarda na nemi a sake zama a kan mutum biyar ɗin, kuma a gayyace su. An yi zaman, uku daga cikinsu sun zo, an saurare su, an kaɗa ƙuri'a, an kayar da ni. Ban ajiye muƙamin ba, ko da yake wasu sun so. In an sake kiran taro ni zan rubuta gayyata, kuma kowa zai samu tasa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata masa kabarinsa, ya yafe masa abin da ya tauye wa iyalinsa da abin da mu ba mu sani ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka ɗauki kwano da diga tare da shi, ya dubi bayansu duk inda suke a ƙasar nan. Mu kuma ya kyauta namu ƙarshen.

Ranar Asabar ɗin da ta faɗa na raka Anti tasha. Na tsaya har motar ta cika, har ta haye gada ta ɓace. Daga nan ƙafata ta kai ni gidan Kaka kamar yadda ta saba. Gwaggo ta share ɗakin, an jingine katifar a bango. Na durƙusa a bakin ƙofa inda nake gaishe shi, na daɗe a wurin, ga amsa a bakina ta gaskiya, babu mai tambaya.